Sunan Mama Saratu a Takardar Giya

Akwai wani mutum mai suna Tomas Yohanna, ɗan Kafanchan, da ke zaune a unguwar Danau Kota cikin birnin Kuala Lumpur. Karatu ne ya kai shi can. Ya gama, ya ɗan taɓa aikin ofis, daga baya ya ga zaman kujera ba nasa ba ne, ya buɗe gidan abinci a ƙasan wani dogon bene. Kedai ake ce wa shago a ƙasar, shi ma haka yake kiran nasa. A saman ƙofa ya kafa koren allo da sunan mahaifiyarsa: Kicin Mama Saratu.

Duk ɗan Arewan da kewar gida ta taɓa damunsa a garin nan ya san wurin. Tuwon shinkafa da miyar kuka kullum, masa ranar Asabar, gwaten acca idan an dace wani ya taho da accar daga gida. Matarsa Mabel ce a kan tukunya, shi kuma yana tsakanin tebura yana zolayar mutane. Nama daga wurin mahauci Musulmi yake saye, don haka kowa da kwanciyar hankali yake ci. Har malaman jami'a daga Lembah Pantai sukan hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, su zo takanas saboda miyar Mabel.

Abu ɗaya ne ba a sayarwa a kedai ɗin, shi ne giya. Samarin kwaleji, 'yan gata da iyayensu ke turo wa kuɗi duk wata, sukan ja shi da wasa.

"Oga Tom, haba, ko kwalba ɗaya mai sanyi babu? Kai ba Musulmi ba ne fa."

"Akwai zoɓo mai sanyi, lah," yakan ce, yana kwaikwayon maganar 'yan ƙasar. "Sha ka gode wa Allah."

Wasu sun ɗauka wayo ne na ɗan kasuwa, don kada ya kori Musulmi. Gaskiyar maganar ta fi haka nauyi. Mahaifin Tomas ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai fara'a da kyauta, amma burukutu ta cinye shi da ransa kafin ta kai shi kabari. Ranar da aka dawo daga jana'iza, Tomas yana da shekara goma sha huɗu, Mama Saratu ta kama hannunsa na dama ta ɗora a kanta. Ta sa shi ya yi mata alkawari cewa hannun nan ba zai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma ba zai taɓa miƙa ta ga ɗan wani ba. Ya yi alkawarin yana kuka. Shekara ashirin da wani abu bai karya ba, kuma da wannan ƙarfin zuciyar ya rubuta sunanta a allo.

To, a gefen Tomas akwai Zahraddeen.

Zahraddeen ɗan Kano ne, fari, dogo, mai bakin da zai sayar maka da ruwan sama ana tsakiyar damina. Shekara shida da suka wuce ya sauka a ƙasar, wanda ya yi masa alkawarin masauki ya kashe waya. Tomas ne ya tsince shi a tashar mota da akwatuna biyu, ya kai shi ɗakinsa. Kwana uku aka ce, aka yi wata takwas. Da azumi ya zo, Tomas ne yake dawowa da wuri ya dama masa kunun buɗa-baki. Mama Saratu ta san shi ta waya, "ɗana na Kano" take ce masa. Duk sanda za ta aiko da yajin daka, kwalba biyu take cikawa, ɗaya ta Tomas, ɗaya ta Zahraddeen. Labarin alkawarin nan ma daga bakinta ya ji shi, har ya share hawaye a ranar.

Da aka buɗe kedai, Zahraddeen ya zama abokin tafiya. Ya iya yaren Malay kamar a can aka yanke masa cibiya, shi kuwa Tomas, duk shekarun da ya yi, bai wuce makan da tapau da boleh ba, wato cin abinci, ƙunshe abinci da "ba matsala". Turanci ya ishe shi rayuwa, sai ya miƙe ƙafa. Saboda haka duk wata hulɗa da hukumar birni Zahraddeen ne a gaba: lasisin shago, lasisin allo, takardar tsafta. Wayarsa ba ta hutawa, kuma kowa a kedai ya san kukanta, don carar zakara ya sa. Ya ce tana tuna masa gidan kakarsa. Da ta yi ƙara sai samari su ce, "Gari ya waye, Zahraddeen."

Duk ƙarshen shekara yakan zo da damin takardu, ya ajiye a gaban Tomas, ya nuna da yatsa.

"Nan, da nan, da nan. Sign kawai, mutumina."

Tomas sai ya sa hannu. Wata rana Mabel ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsu, bayan Zahraddeen ya fita ta ce, "Baban gida, wai ba ka ɗan duba abin da kake sa wa hannu?"

"In duba me? Da Malay aka rubuta."

"Ka ɗauki hotonsa, waya ta fassara maka mana."

"A gabansa? Haba Mabel. Ai kamar na ce masa ɓarawo ne."

Ku ji fa. Wannan ita ce cutar da ke damun da yawa daga cikinmu. Mutum ya gwammace ya faɗa rami da ya ba abokinsa kunya na minti biyu. Muna kiranta kara, muna kiranta kawaici, har yabon kanmu muke yi a kanta.

A wannan shekarar, cikin damin takardun akwai wasu shafuka biyar da ba na sabunta lasisi ba. Zahraddeen ya daɗe yana kallon ɗakin da ke saman kedai, wanda ake ajiye buhunan shinkafa, yana kuma kallon samarin nan da ke tafiya wasu unguwanni neman abin sha a ƙarshen mako. Ya gama tsara komai a ransa: kujeru masu laushi, kiɗa, ƙofa ta baya. Abu ɗaya ya tare masa hanya. Da ya je tambaya aka ce masa ba a ba Musulmi lasisin sayar da giya. Sai ya tuna yana da aboki mai suna Tomas, mai sa hannu ba ya dubawa.

Abin da Zahraddeen bai lissafa ba shi ne, ba a ɓoye ake irin wannan lasisi ba. Akwai ƙaramin masallacin unguwa, surau, a bayan benen, taku kaɗan daga ƙofar kedai. Wata Litinin da safe, Zahraddeen ya tafi garin Melaka rakiyar wasu baƙi, ma'aikatan hukuma suka zo suka manna sanarwa a jikin gilashin ƙofa, suka kai kwafinta ga kwamitin surau, ko akwai mai ja.

Tomas ya fito ya ga takarda da tambarin hukuma, ya ga sunansa, ya ga sunan Mama. Ya ɗauka sanarwar feshin sauro ce, irin wadda ake mannawa idan zazzaɓin dengi ya ɓulla a unguwa. Har ya sa salatif ya ƙara manne gefen da iska ke ɗagawa. Kwana uku takardar tana nan, yana wucewa ta gabanta yana fito.

Wanda ya fara canza masa fuska shi ne Pak Hambali, wani dattijo ɗan ƙasar, shugaban kwamitin surau. Kullum da hantsi yakan tsaya a ƙofa su gaisa, wani lokacin ya karɓi masa ya kai wa jikokinsa. Ranar Talata ya wuce bai kalli kedai ba. Ranar Laraba ma haka. Ranar Alhamis Tomas ya kasa haƙuri, ya bi shi har bakin titi.

"Pak, lafiya? Na yi wani laifi ne?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. Da Turancinsa mai sanyi ya ce, "Shekara huɗu muna maƙwabtaka, Tomas. Da kana son ka sayar da giya a bayan masallacinmu, ai sai ka zo ka faɗa min da bakinka."

"Giya kuma? Wace giya?"

Pak Hambali ya ja shi zuwa ƙofar, ya ɗora yatsa a kan takardar, ya fassara masa layi-layi. Mai neman lasisi: Tomas Yohanna. Wurin da za a sayar: Kicin Mama Saratu. Ranar sauraron masu ja: Talata ta sama.

Tomas ya ɓalle takardar, ya shiga ciki, ya kira Zahraddeen.

"Kai, system error ne kawai," in ji Zahraddeen daga can. "Sun haɗa file ɗinmu da na wani. Relax, mutumina, in na dawo zan gyara."

Kuma Tomas ya yarda. Wallahi ya yarda, har ya ji kunyar yadda muryarsa ta tashi a waya.

Sai dai an riga an makara. Wani ya ɗauki hoton sanarwar tun ranar Talata, ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna garin. Zahraddeen ya gani tun yana hanya, ya san akwai matsala. Dalili kuwa, yana neman auren Hafsa, 'yar Dakta Abdulrahman, malamin jami'a kuma dattijon da jama'armu ke jin maganarsa a can. An kusa sa rana. Idan aka gano hannunsa a maganar giya, auren ya tashi.

Yana sauka bai nufi kedai ba. Lembah Pantai ya wuce, gidan Dakta.

Ranar Asabar Mabel ta soya masa kamar kullum, ta jera a faranti, har azahar ba a ci rabi ba. Da la'asar Dakta Abdulrahman ya shigo, bai zauna ba.

"Tomas, na zo ne in faɗa maka a fuskarka, don ba na son maganar bayan ido. Ka ba mu kunya. Mun ci abincinka, mun kawo iyalanmu, mun ɗauke ka ɗan'uwa."

"Baba Dakta, kuskure ne daga ofis. Zahraddeen ma ya ce..."

"Zahraddeen ne ya zo min yana hawaye. Ya ce wata uku yana roƙonka ka bar maganar nan, ka ce masa kai addininka bai hana ka ba. Ya ce ya cire hannunsa daga kedai ɗin."

Mabel ce ta zo ta janye wa Tomas kujera ya zauna. A nan ne shafukan nan suka dawo masa a ido, da yatsan da ke nuna masa, nan, da nan, da nan.

Ya samu Zahraddeen washegari a wani shagon shayi na mamak, wato Indiyawa Musulmi, yana juya cokali a kofi.

"Zahraddeen, dube ni. Kai ka yi?"

"Na yi me?"

"Ka san alkawarina da Mama. A gabanka ta faɗa."

Zahraddeen bai ɗago ba. Ya ce, "Guy, ni ban san komai ba. Signature ɗin wa ke jikin form? Nawa ne?"

"Kai ka kawo min."

"Wa ya gani?"

Wannan "wa ya gani" ita ta karya Tomas. Ya tsaya yana kallon mutumin da ya kwana a katifarsa wata takwas, ya rasa ta inda zai fara. Ya san gaskiya, amma wa zai yarda? Ga Zahraddeen da ba ya rasa sahun gaba ranar Juma'a, ga shi kuma Tomas Yohanna. Mutane sun riga sun haɗa lissafinsu tun daga sunan.

Bai gama da wannan ba, mafi zafin ta iso. Hoton ya tsallaka teku. Wata 'yar cocinsu Mama a Kafanchan, mai ɗa a Malaysia, ta kai mata har gida, ta karanta mata fassarar da aka rubuta a ƙasa. Ranar Lahadi da yamma wayar Tomas ta yi ƙara.

"Tomas."

"Mama, ina wuni. Mama, bari in yi miki bayani..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. An ce sai mutum ya sa hannu ake fitar da takardar nan. Hannunka ne?"

"Mama, yadda abin ya faru..."

"Hannunka ne ko ba naka ba?"

Bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ya ce, "Nawa ne."

Sannan ta ce, "Da sunana." Ta kashe wayar.

Ya kira sau ashirin a ranar, ba ta ɗauka ba. Ya kira ta wayar ƙanwarsa, aka ce Mama ta shiga ɗaki ta ce kada a kai mata. Watsewar masu cin abinci bai dame shi kamar wannan ba. Kedai in ya rufe, a buɗe wani. Amma tsohuwar nan shekararta saba'in da biyu, ga hawan jini, kuma yanzu ta yarda cewa ɗanta ya ɗauki sunanta ya rataya a ƙofar gidan giya.

Mabel ce ta ce, "Ranar Talata za mu je. Ka faɗi gaskiya, ko ba wanda ya yarda."

Ɗakin sauraron ƙarami ne, da sanyin na'ura mai shiga ƙashi. A gaba wata jami'a ce, Puan Zuhra, mace mai gilashi da ba ta da alamar wasa. Tomas da Mabel suna gefe guda su kaɗai. A ɗaya gefen Pak Hambali ne da mutum uku na kwamitin surau, sai Dakta Abdulrahman da ya zo a madadin 'yan Arewa, don a san ba da yawunsu aka yi ba. Kusa da Dakta, cikin farar shadda da hula, riƙe da jakar Dakta a cinya, Zahraddeen ne.

Tomas ya gan shi, ya sunkuyar da kai. Ya yi zaton ya gama jin zafi, ashe da saura.

Pak Hambali ya yi bayaninsa a taƙaice: surau na kusa, yara na bi ta ƙofar zuwa karatu. Sannan jami'ar ta juya ga Tomas.

"Malam Tomas, me za ka ce?"

Ya miƙe. "Ranki ya daɗe, ni ban nemi lasisin nan ba. An kawo min takardu aka ce na sabuntawa ne, na sa hannu ban karanta ba."

"Wa ya kawo maka?"

"Abokina. Ga shi can zaune."

Ɗakin ya ɗan yi guna-guni. Zahraddeen ya girgiza kai a hankali, irin na wanda aka zalunta ya bar wa Allah. Dakta ya dafa kafaɗarsa.

Puan Zuhra ta cire gilashinta. Ta ce, "Kusan duk wanda maƙwabta suka yi wa ca, abin da yake faɗa ke nan. Sa hannunka yana shafi biyar. Kuma ni da kaina na yi magana da kai a waya sau uku. Kai ne kake roƙona a hanzarta, ka ce ɗakin sama ya kusa shiryuwa."

"Ranki ya daɗe, da wane yare muka yi maganar?"

"Da Malay."

"Ni ban iya Malay ba. Ki tambayi Pak Hambali. Sanarwarku ma kwana uku tana ƙofata, na ɗauka ta feshin sauro ce."

Pak Hambali ya ɗan gyara zama. Ya ce gaskiya ne, shekara huɗu bai taɓa jin mutumin nan ya haɗa jimla ɗaya da Malay ba, kuma da idonsa ya ga an ƙara wa takardar salatif.

Jami'ar ta mayar da gilashinta, ta buɗe fayil, ta bi shafin farko da biro har ta kai kan lambar waya. Ta jawo wayar ofis, ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Wayar Tomas tana kan tebur a gabansa, ba ta motsa ba.

Sai zakara ya yi cara daga aljihun farar shadda.

Zahraddeen ya zabura, jakar Dakta ta faɗi ƙasa. Ya cusa hannu a aljihu ya katse. Puan Zuhra ta dube shi ta saman gilashi, ta sake dannawa. Zakaran ya sake yin cara, wannan karon har ya kai ƙarshe, don Zahraddeen ya kasa samun madannin. Sabon layi ya saya musamman don kada kiran hukuma ya je wa Tomas, ya zura shi a wayar da ba ya rabuwa da ita.

Dakta Abdulrahman ya janye hannunsa daga kafaɗar. Ya sunkuya da kansa ya ɗauki jakarsa, ya matsa kujera ɗaya.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Aka soke neman lasisin a take. Jami'ar ta ce maganar Zahraddeen za ta wuce gaba, ya jira kada ya tafi. Shi ma Tomas bai tsira da faɗa ba. Ta ce masa sa hannu ba ado ba ne, da abin ya wuce, shi doka za ta kama.

A baranda, kafin a kira shi ciki, Zahraddeen ya matso.

"Tom, ka gane mana. Business ne kawai. Da ya kama, ai da kai ma ka ji daɗi. Na san in na tambaye ka za ka ƙi."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba."

"Maganar Hafsa ce ta ruɗa ni. Tsoro na ji."

Tomas ya dube shi da jajayen idanu. Ya ce, "Da ka zo min ka ce ka ji tsoro, da na rufa maka asiri, ka sani. Da na je na janye takardar na ce ni na yi kuskure. Amma ka sa shadda ka zo ka zauna cikin masu ƙarata. Kuma ka san Mama za ta gani."

Sai aka kira Zahraddeen ciki. Daga ranar ba su sake haɗuwa ba. Auren ya watse a makon, daga baya aka ji ya bar ƙasar.

Dakta Abdulrahman dattijo ne na gaske. Da yamma ya zo kedai, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Tomas, ka yafe mana. Sunanka muka gani, muka yanke hukunci. Ban ko tambaye ka sau ɗaya ba."

"Ya wuce, Baba Dakta. Amma Mama ba ta ɗaukar wayata."

"Ba ni lambar."

Da ta ga baƙuwar lamba ta ɗauka. Dakta ya gabatar da kansa, ya kwashe komai ya faɗa mata, har da zakaran. Ta saurara har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta ce a ba ta ɗanta. Tomas ya karɓa, yana jiran ta ce shi ke nan.

"Na ji ba kai ka nema ba," in ji ta. "Na gode wa Allah. Amma Tomas, hannun nan ni ka ba wa. Ka ɗauka ka ba wani yana nuna maka inda za ka sa, kamar makaho. Ka sauke sunana daga ƙofar nan. Ranar da za ka iya karanta min abin da kake sa wa hannu, ka mayar."

Washegari ya hau tsani da kansa ya kwance allon. Mabel tana riƙe da tsanin tana hawaye. Jama'a sun dawo, har sun fi da, kowa yana son ya wanke kunyarsa da farantin tuwo. Amma saman ƙofar ya zauna fayau, sai ramukan ƙusa huɗu.

Pak Hambali ne ya ɗauki nauyinsa. Kullum bayan la'asar sukan zauna a benci a gaban kedai, dattijon da tsohuwar jarida, Tomas da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ƙato mai 'ya'ya biyu yana haɗa baƙi, jikokin Pak Hambali suna yi masa dariya. Ya shanye.

Da ƙarshen shekara ya zagayo, ya je ofis da ƙafarsa ya karɓo takardun sabuntawa. Ya jingina waya da kwalbar zoɓo, ya kira Mama ta bidiyo. Ya karanta layi da Malay, ya fassara mata da Hausa, ya wuce na gaba. Inda ya kakare, Pak Hambali ya ɗora shi. Fiye da awa ɗaya suka yi, tsohuwar ba ta ko gyara zama ba. Da ya kai ƙarshe ta ce, "To, yanzu sa hannu ina gani." Ya sa.

"Ka mayar da allon."

"Na gode, Mama."

Ya ɗauka ta gama. Sai ya ga ta juya tana kallon wani abu a gefenta.

"Ɗana na Kano fa? Ka ji labarinsa?"

"A'a, Mama."

Ta jinjina kai. Ta ɗago kwalabe biyu na yaji ta nuna wa wayar.

"Jiya na daka maka. Sai da na gama cikawa na ga biyu na yi." Ta ajiye ɗaya a ƙasa, ta daɗe tana kallonta. "Ban san wa zan ba wannan ba."

Darasi: Karanta abin da za ka sa wa hannu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da wanda ya kawo maka, domin mai gaskiya ba ya jin haushin a duba. Kada ka yanke wa mutum hukunci saboda sunansa ko addininsa kafin ka ji ta bakinsa. Kai kuma da aka buɗe wa ƙofa aka ɗauke ka ɗan gida, ka sani in ka ci amana ba mutum ɗaya kake cuta ba, har da tsohuwar da ke can tana daka maka yaji. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ke zaune a ƙasar da ba su iya karanta yarenta ba.